Na Ƙarshe, Kada a Goge

Injin ya iso Tanut cikin kwali, a wargaje. Ni na so hakan. A mujallar Faransanci da na gan shi, wadda wani mai haƙar rijiyoyi ya bari a gidan da na kama haya, an ce ana iya sayensa a haɗe, ana kuma iya sayensa gutsi-gutsi mutum ya haɗa da hannunsa. Na zaɓi na biyu. Tun ina ɗan lakkol, wato makarantar boko, a Damagaram nake kwance rediyon mutane don in ga abin da ke ciki, kuma na lura abin da ban haɗa da kaina ba bai cika zama nawa ba.

Lokacin ina koyarwa, a shekarun da suka biyo bayan babban farin nan na tamanin. Unguwarmu ba wutar lantarki. Wani maƙeri a bakin kasuwa ya ƙera mini ƙarfen liƙi na jan ƙarfe, mai tsini kamar basilla, ina gasa shi a murhun shayi. Ranar Alhamis ba makaranta, don haka Alhamis ta zama ranar inji. In shimfiɗa tabarma a rumfa, in zube kayan cikin faranti don kada su ɓace a yashi. Allon da ake dasa kayan a kansa kore ne, da ƴan layuka sirara kamar hanyoyin awaki in ka hango su daga kan tudu. Akwai ƴan baƙaƙen abubuwa masu ƙafafu kamar shanshani, akwai wasu masu zanen launi kamar duwatsun wuya. Kowace ƙafa da raminta, kowane rami da ɗigon dalmarsa. In ƙarfen ya yi zafi da yawa ya ƙona, in ya huce dalmar ta dunƙule ba ta kama ba. Ba wanda ya koya mini tsakanin biyun. Na koya ne da warin abin da na ƙona.

Ran da na gama, na jona shi da batirin mota da wata ƴar tele baƙi da fari. Sai ga wani ɗan farin gida a kusurwar gilashi, yana ƙyaftawa. Na daɗe ina kallonsa har shayina ya huce. Duk rediyon da na taɓa gyarawa magana take yi, ko kana nan ko ba ka nan. Wannan kuwa ya yi shiru, yana jiran abin da zan ce.

Yau ana cewa kwamfuta, a rediyo, inda nake aiki yanzu, mu ce na'ura mai ƙwaƙwalwa. A lokacin sunansa na Faransanci kawai na sani. Mutanen unguwa kuwa suka raɗa masa akwatin Mushe, don haka ake kiran malamin lakkol a wajenmu.

Abu na farko da na rubuta masa da Hausa shi ne ya nuna mini giɓinsa. Na so in ce baƙi, ya ce baki. Ya san haruffan Faransanci masu hula da masu wutsiya, amma bai san ƙ ba, bai san ɗ da ɓ da ƴ ba. Littafin da ya zo da shi ya ce mutum na iya zana harafinsa, in dai zai shiga gida takwas a tsaye, takwas a kwance. Kaye, littafin rubutun ƴan makaranta, dama mai ƙananan gidaje ne. Na cika shafuka ina baƙanta gida ina gogewa. Ƙugiyar ƙ ta fi ba ni wuya: in ta yi girma harafin ya koma kamar R, in ta yi ƙanƙanta ta ɓace. Daga nan na wuce ga babban aikin, wato tsarin da zai riƙa fito wa yara da kalmomi biyu-biyu, kafa da ƙafa, fada da faɗa, su zaɓi wadda ta dace da jimla. Wannan ya ci mini rani guda.

Injin yana da aibi ɗaya: da ka cire waya ya mance komai. Don haka ana juye masa abin da ya sani a kaset, irin kaset ɗin waƙa, ta rediyo mai kaset da muke kira manyeto. In ka saurari irin wannan kaset da kunne, ba abin da za ka ji sai wani ƙara mai tsini, kamar gyare dubu sun faɗa injin niƙa. Matata takan leƙo daga madafa ta ce, "Mushe, aljanunka sun tashi? Ka ce musu tuwo bai nuna ba."

Ba na rubutu a jikin kaset. Wani hutu an taɓa horar da mu kan ɗaukar muryar manoma don shirin rediyo, aka koya mana cewa takarda tana ɓallewa, amma abin da ka faɗa a farkon zare yana nan. Sai ya zama mini ɗabi'a. Kafin in juye aiki, in gyara murya in ce, "Gwaji na uku, ƙugiya ta yi tsawo," sannan in saki ƙarar.

Manyeto ɗaya ce a gidan, kuma mu uku ne: ni, matata, da Inna, mahaifiyata. Na ɗauko ta daga ƙauyenmu na wajen Ollelewa bayan fari ya cinye rumbu da garke. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma zama ta yi hira da ni. In tana da magana, matata take gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. "Ki ce wa mai akwatin nan ruwan randa ya ƙare."

Autanta kuwa, ƙanena, shi ne abokin hirarta. A shekarar farin ya ce zai bi motocin arewa ya nemi aiki a Libiya. Ta hana. Ya nace. Ta ce masa, a gaban mutane, "In ka tafi, ban yafe ba." Ya tafi da asuba ba sallama. Shekara biyu ba ta ambace shi ba, ba kuma wanda ya isa ya ambace shi a gabanta. Mu duka mun san wannan kalma tana rataye a wuyansa, mun kuma san ita ma tana ɗauke da nauyinta, ga shi tsufa ya fara kama ta.

Wata Laraba wani direban babbar mota, mutumin Belbeji, ya yi sallama a ƙofar gida. Ya kawo turmin zane da ganyen shayi, ya ce daga Auta. Ya ce Autan yana aiki a wani lambu bayan wani gari can Libiya, lafiya lau, sai dai ya rame.

"Ba wasiƙa?" in ji ni.

"Mushe, wasiƙa ai sai ku. Ya ce dai in gaida tsohuwa, in duba fuskarta, in gaya masa abin da na gani. Asabar zan juya."

Inna ta karɓi zanen ta ajiye.

A zamanin, kaset ita ce wasiƙar wanda bai yi boko ba. Mutum ya zauna gaban manyeto ya gaisa, ya ba da labarin gari, a ɗinke kaset ɗin cikin ƙyalle a ba direba. Abin da ban sani ba shi ne, ranar Juma'a da hantsi, ina makaranta, Inna ta aiki matata ta sayo sabon kaset, a shagon da nake sayen nawa, iri ɗaya sak. Ta sa ta danna jan maɓalli ta fita waje. Ta kuma gargaɗe ta kada in ji. Da ta gama suka bar kaset ɗin cikin manyeto, sai gobe.

Ni kuma a wannan Juma'ar, bayan la'asar, na gano kuskuren da ya hana aikina tafiya tun makonni. Baƙaƙe biyu ne na sauya wa wuri. Na gyara, kalmomi suka fara fitowa biyu-biyu yadda nake so, ƙugiya tsaf a kan kowace ƙ. Na jawo manyeto, na fitar da kaset ɗin da ke ciki ban ko duba ba, na ɗora shi kan nawa, na sa wani. Na gyara murya na ce, "Wannan shi ne na ƙarshe. An gama. Kada a goge." Na juye aikin, na bar shi a ciki, na tafi masallaci ina jin kamar in gaida kowa sau biyu.

Da safe matata ta buɗe manyeto, ta ɗauki abin da ta tarar, ta ɗinke, ta kai tasha.

Sai Alhamis na koma kan inji. Na ga manyeto wayam, na ɗauka ni na cire, na ɗauki kaset ɗin da ke sama na sa. In waya tana jone, manyeto ba ta fitar da sauti, injin kaɗai ke ji. Na jira, bai karɓa ba. Na ƙara murya, na rage, na goge kan manyeto da auduga. Sau uku. Sannan na zare wayar don in ji da kunnena.

"Auta, ni ce."

Ya kamata in kashe. Ban kashe ba. Ta gaishe shi, ta gaya masa waɗanda suka rasu a ƙauye da waɗanda suka haihu, ta ce rijiyar gabas ta ƙafe. Ta ce, "Yayanka yana nan, ya haɗa wani akwati yana koya masa karatu. Ba ya cin abinci da zafinsa. Amma shi ya riƙe ni, ban nemi komai na rasa ba." Ban taɓa jin ta yi maganata da tsawon haka ba. Ta yi shiru har na zaci ta gama, ana jin kaza tana kuka a bayanta. Sannan ta ce maganar da ta faɗa masa ran da zai tafi ta janye ta, ta yafe masa duniya da lahira. Ta ce kada ya yi gaggawar dawowa, ba abin da zai tarar, ya zauna sai damina ta yi kyau.

Na kira matata. Da ta ji muryar ta dafe ƙirji.

"To me na ba direba?"

"Aikina."

"Aljanun?"

"Su. Da ƴar maganata a farko."

"Me ka ce?"

Na maimaita mata. Ta zauna a bakin tabarma tana kallona.

"Da wace murya ka faɗa, Mushe?"

"Da muryata mana."

"Na san ta. Muryar nan taka ta masu sanarwar rasuwa a rediyo."

Sai a lokacin na ji kalmomin yadda zai ji su. Mutumin da ya aika a dubo masa fuskar uwarsa, a kawo masa kaset, ya ji yayansa ya ce wannan shi ne na ƙarshe, an gama.

Motar ta yi kwana biyar da tafiya, ta wuce Agadas. Ba waya, ba adireshi, lambu ne a bayan wani gari. Dole a gaya wa Inna. Matata ta durƙusa ta yi bayani, ni ina tsaye a bakin ƙofa kamar ɗalibin da aka kora daga aji. Inna ta saurara har ƙarshe, tana tsince tsakuwa daga wake.

"Ki tambayi mai akwatin," in ji ta, "shi akwatin nasa yana da uwa?"

Ta ci gaba da tsince wakenta, sannan ta ƙara.

"A aika da wancan ɗin. Ni na faɗa sau ɗaya, ba zan sake ba."

Kullum in an tashi daga makaranta sai in bi ta tasha. Motoci na wucewa, amma ba kowane direba ya san lambun ba, kuma ban yarda in ba wanda zai jefa shi cikin akwatin kayan gyara ya mance ba. Sai da aka yi mako uku na sami wani wanda ya san wurin, ya san ma ɗakin da ƴan Damargu, mutanen yankinmu, ke kwana. Wannan karon na rubuta a jiki, na saurari farkonsa sau biyu, na ɗinke da hannuna. A duk tsawon lokacin ban taɓa injin ba. Na rufe shi da zane. Ba fushi nake da shi ba, kunyarsa nake ji, ko kunyar kaina a gabansa.

Da kaka, wata safiya, ina shirin fita, Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, aka yi sallama da irin muryar da ake shiga gidan makoki. Wani dogon mutum ya shigo, rawani ya rufe masa rabin fuska, ƙura har gira. Ya yi taku uku ya tsaya. Jakarsa ta faɗi. Ya zauna a ƙasa inda yake. Auta ne.

Inna ta dube shi, gyaɗa a hannunta.

"Wa ya mutu?"

"Ke, Inna."

"To, ba a gaya mini ba." Ta juya wajen matata. "Ki ba shi ruwa. Ki dama fura da yawa, wannan ba cikinsa kaɗai ya rame ba."

Kaset na biyu da shi sun yi saɓani a hanya. Har yau ban san inda ya ƙare ba.

Daga baya ya ba ni labari. Direban ya miƙa masa ƙunshin ya wuce, bai tsaya ba. Ranar hutu ya tara ƴan Damargu na ɗakinsu, don in kaset ya zo daga gida na kowa ne. Suka yi shiru, aka danna. Suka ji ni. Sannan ƙara.

"Yaya, wani ya ce rana ce ta narka zaren a mota. Na ce to ai maganarta tana ƙarƙashi. Na saurara har ƙarshe, na juya baya, ba komai. Kullum in na dawo daga lambu sai in sa, in kanga kunne. Wallahi wata rana na ji kamar ta ce Auta."

"Ba ta ce ba. Haruffa ne."

"Haruffan me?"

"Ƙ da ɗ."

Ya dube ni, ya dubi zanen da ya rufe injin. "Dattijon ɗakinmu har fatiha ya ja mata. An yi sadakar dabino. Kai kuwa ƙ da ɗ." Ya yi dariya har ya share ido, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ya bar aikin ba tare da sallamar mai lambu ba, ba kuma zai samu ya koma ba.

Kwanaki suka wuce. Inna tana zuba masa abinci da hannunta, tana yi masa faɗan ya bar shan shayi da yawa. Amma kalmar nan ba ta fito ba. Shi ba ya iya tambaya, ita ta ce ta faɗa sau ɗaya. Yana cikin gidan kamar baƙon da bai san ko an ba shi masauki ba. Jakarsa ma bai kwance ba.

Wata Alhamis da la'asar ya same ni a rumfa. Zana ce kawai tsakanin rumfar da inda Inna ke zama, muna jin ƙarar ɓawon gyaɗa a hannunta.

"Yaya, an ce kai ka ji kaset ɗin."

"Na ji. Bai kamata ba, amma na ji."

"Me ta ce?"

Ƙarar gyaɗa ta tsaya. Na gane ba sauran wani kaset sai ni. Na gyara zama, ban gyara murya ba wannan karon. Na fara daga "Auta, ni ce." Na kawo waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu, bi da bi yadda ta jero su. Na kawo rijiyar gabas. Na tsallake abin da ta faɗa a kaina. Na ce ta yi shiru, kaza ta yi kuka.

"Sannan ta ce, maganar da na faɗa maka ran da za ka tafi, na janye ta. Na haƙura."

Ya sunkuyar da kai. Haƙuri abu ne mai kyau, amma wanda aka ce wa ban yafe ba ya san ba shi ne maganinsa ba.

Sai murya ta fito daga bayan zana.

"Ban ce na haƙura ba."

Inna ce. Ta ci gaba.

"Kai mai koya wa akwati karatu, haka kake kai saƙo? Na yafe na ce. Na yafe masa duniya da lahira. In za ka faɗa, ka faɗa daidai."

Auta ya tashi ya zagaya bayan zanar. Ni na zauna inda nake. Sai can na lura cewa ba matata ta gaya wa ba. Da ni ta yi magana, kai tsaye, ta ce mini kai.

Matata ta riƙe har yau cewa da gangan na sauya kalmar. Ni, a aikina na rediyo, mutum ne da ake biya don kada ya sauya kalma, kuma na tuna rijiyar gabas da kukan kaza. Amma sau ɗaya na ji kaset ɗin, cikin kunya, kuma ba zan rantse a kan abin da bakina ya yi niyya ba a ranar.

Washegari Auta ya kwance jakarsa. A ƙasanta akwai kaset ɗina, cikin ƙyallen da matata ta ɗinke, ya yi baƙi da dauɗar hannu. Ya miƙo mini ya ce, "Ga aljanunka." Na yaye zanen, na jona batir, na sa. Na ji muryata tana cewa an gama, ta dusashe kamar daga cikin rijiya. Injin ya saurara, bai karɓa ba. Zaren ya suɗe saboda yawan juyawa, ƙarar ta rasa tsininta.

Kayen yana nan, da gidajensa takwas-takwas. Alhamis ta gaba na hura gawayi, na ɗora shayi, na buɗe shafin farko. Auta ya zauna gefe yana karanto mini lambobi, yana kuskure, ina gyarawa. Da ƙ ta fito a gilashi ya matso ya ƙura mata ido.

"Wannan ce na yi wa kuka wata biyu?"

"Ita ce."

"Ƙugiyar ta yi tsawo," in ji shi.

Na duba. Da gaskiyarsa, gida ɗaya ya yi yawa.